Kogin Binuwai da Garin Jimeta

 Yau za mu duba tarihin wurin da da yawa cikinmu muke zama ko muke cin kasuwa, wato Jimeta. Wanda yake Alƙalawa ko Limawa ko Rumde, in ya gangara ba zai yi nisa ba zai iske kogin Binuwai. Wannan kogi shi ne ya haifi garin.

Kafin a kafa Yola, Bata ne suke zaune a gaɓar nan, suna noma suna su. Sunan kogin ma daga harshensu ya fito, ma'anarsa uwar ruwaye. Dutsen Bagale da muke hangowa a ƙetare mafakarsu ce, kuma ba a ci shi da yaƙi ba sai a zamanin Lamido Lawal. Ta kudu akwai duwatsun Verre.

A 1841 Modibbo Adama ya kafa Yola a kan tudu, nesa kaɗan da ruwa. A Fulatanci irin wannan tudu ana ce da shi yolde. Bature Heinrich Barth ya iso a 1851, amma Lamido Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Sarakunan Yola ba su sakankance da baƙin da ke zuwa ba, balle waɗanda kogi ya riƙa kawowa daga baya. Shekaru da dama Turawan kamfanin Royal Niger suna ciniki daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan ruwa, gama ba a yarda su yi gini a tudu ba. Tsoron kuwa bai zama banza ba. Ta wannan kogi sojojin Ingila suka hauro a watan Satumba 1901 suka ci Yola, Lamido Zubairu ya gudu, aka kashe shi a 1903. Ta nan kuma Dakta Niels Brønnum na Denmark ya bi ya sauka Numan a 1913.

To, daga nan ne Jimeta ta soma girma. Tsakaninta da Yola kamar kilomita 9 ne, ita ce kuwa take bakin ruwa. Daga tsakiyar Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da kogi ya cika, jirage sukan ɗauki gyaɗa da auduga da fatu su gangara da su zuwa teku. Aikin dako da ciniki ya jawo mutane daga ko'ina. Ku saurari sunayen unguwanni za ku ji wannan. Alƙalawa sunan tsohon birnin Gobir ne wanda aka ci a 1808, Gwadabawa kuma gari ne a ƙasar Sakkwato. Luggere da Rumde Fulatanci ne, na fari kwari ke nan, na biyu ƙauyen bayi masu noma. A wurin da Bachama da Kilba da Mbula da Chamba suka haɗu da Bahaushe da Bafulatani, Hausa ce ta zama harshen kasuwa. Shi ya sa muke magana da ku da ita yanzu.

A 1976 Yola ta zama hedkwatar jihar Gongola, a 1991 kuma ta Adamawa. Ofisoshin gwamnati da yawa a gefen Jimeta aka gina su.

Kogin fa ya sake hali. Manyan jirage sun daina zuwa, kaya sun koma bin mota ta kan gada. Tafkin Geriyo yana ciyar da masu noman rani da shinkafa da kayan miya, amma tafkin Njuwa, inda a dā ake bikin kamun kifi, laka ta cike shi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, cikar kogi ba ta bin damina kaɗai, tana bin ranar da aka buɗe ƙofofi. A 2012 da 2022 ruwa ya shiga gidaje da gonaki a duk tsawon gaɓar, daga Fufore har Numan. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu gidaje a kwari, inda fili yake da araha.