Yunwa da Ciwon Suga: Abin da Shekara Ɗari Biyu Suka Nuna

Tun kafin a san musabbabin ciwon suga, likitoci sun lura cewa abin da majinyaci ya ci shi ke bayyana a fitsarinsa. A 1797 wani likitan sojan Birtaniya, John Rollo, ya ɗora wani kyaftin mai ƙiba a kan nama da kitse, ya hana shi burodi da kayan hatsi, sai sugan ya ja baya. A 1870, da sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya abinci ya yi wuya, Apollinaire Bouchardat ya ga suga ya ɓace daga fitsarin wasu majinyatansa. Ke nan rage sitaci da rage ci, waɗanda ake tallatawa yau kamar sabon ilimi, su ne dabara mafi tsufa a wannan fage. Abin da ya gagari kowa shi ne yunwa. Kuma duk lokacin da masu yaƙi da ita suka auna nasara da saukar suga ko saukar sikeli kaɗai, ba da tsawon ran majinyaci ba, majinyacin ne ya kwana a ciki.

Wanda ya kai dabarar ƙarshenta shi ne Frederick Allen na Amurka, a shekarun 1910. Yakan sa majinyaci azumin kwanaki har suga ya bar fitsari, sannan a riƙa ba shi ɗan abin da zai riƙe rai. Fitsari ya yi tsabta, mutane kuwa suka zama ƙashi da rai, wasu yunwar ce ma ta yi ajalinsu. Da sauƙi a yau a kira wannan zalunci, amma hukuncin bai cika adalci ba. Yaron da ciwon ya kama a lokacin watanni kaɗan yake yi. Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka, ta shafe kusan shekara uku a kan tsarin Allen, ta isa Toronto a Agustan 1922 nauyinta kimanin kilo 20 tana dab da cika shekara 15, aka fara yi mata allurar insulin da aka gano shekarar da ta gabata, ta rayu har 1981. Yunwa ce ta riƙe ta zuwa ranar, insulin ce ta cece ta. Sai a 1936 Harold Himsworth ya fayyace cewa ciwon iri biyu ne: wanda jiki ba ya yin insulin, da wanda yake yi amma ba ya jin ta. Mai nau'in farko, ko da ya bar sitaci har abada, ba shi da makawa sai allura.

Ga masu nau'i na biyu, wanda ya fi yawa kuma yake tafiya da ƙiba, an koma neman ƙwayar da za ta kashe sha'awar abinci. Nan ne tarihin ya fi ciwo. A 1997 an janye fenfluramine daga kasuwar Amurka bayan an gano yana lalata ƙofofin zuciya. Ɗan uwansa benfluorex, mai suna Mediator, ya ci gaba da zama a shagunan magani na Faransa, inda tun 1976 ake ba masu ciwon suga masu ƙiba, sai a 2009 aka cire shi, bayan nacin wata likitar huhu a Brest, Irène Frachon. Hukumomin lafiya sun ƙiyasta ya kashe aƙalla mutum 500, kotu kuma ta kama Servier, kamfanin da ya ƙera shi, da laifi a 2021. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Saboda haka wanda ya yi ɗari-ɗari da alluran yau irin su Ozempic yana da hujja. Sai dai ba hanya ɗaya suka biyo da waɗancan ƙwayoyin ba. Asalinsu wani sinadari ne da hanji ke saki bayan cin abinci, wanda ke sa jiki ya fitar da insulin, ya jinkirta saukar abinci daga ciki, ya sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A 1992 John Eng ya samo makamancinsa a dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka, daga nan exenatide ya fito a 2005, semaglutide, wato Ozempic, ya biyo a 2017. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, a 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta a gwada duk sabon maganin suga a ga abin da yake yi wa zuciya. Gwajin ɗan uwansu liraglutide da aka wallafa a 2016, kan mutum sama da 9,000, ya nuna raguwar mace-mace, ba raguwar suga kawai ba. Tambayar da ba a yi wa Mediator ba ke nan.

Akwai masu cewa to tunda allura ta samu, a bar wahalar da baki. Shaida ba ta goyi bayansu ba. A gwajin DiRECT na Birtaniya a 2017, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka rage wa ci sosai sun cika shekara sugansu daidai ba tare da magani ba, ko da yake kaɗan ne suka ɗore zuwa shekara biyar. Waɗanda suka daina semaglutide su ma kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo cikin shekara guda. Kowace dabara ita kaɗai gajiya take yi, shi ya sa haɗa su yake da ma'ana: allura ta danne yunwar da ta kayar da tsarin Allen, abincin kuma ya rage wa jiki aikin da zai yi. Amma haɗin ba na a yi shi a gida da ka ba ne. Mai shan ƙwayar suga ta glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya yanke sitaci kwatsam ba a rage masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. A gidan da tuwo da shinkafa ne abincin da aljihu ke iya ɗauka kuwa, nama da ƙwai a kullum da allurar mako-mako duka sun fi ƙarfin magidanci, don haka abin da likita zai iya nema a wurinsa shi ne ƙaramin malmala, miyar ganye mai yawa, wake, da awon suga a kai a kai.