Ɗora Madubin Saiti a kan Tsofaffin Bindigogi Ba Tare da Huda Ƙarfe Ba: Nazarin Hanyoyi da Iyakarsu

Asalin matsalar

Bindigogin soja masu sakata da aka ƙera daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa Yaƙin Duniya na Biyu ba a yi su domin ɗaukar madubin saiti ba. Mosin-Nagant ta Rasha, wadda ta fito a 1891, da Karabiner 98k ta Jamus, ta 1935, duk da ma'aunin saiti na ƙarfe suka bar masana'anta. Da waɗannan bindigogi suka koma hannun mafarauta da masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka, sai buƙatu biyu suka ci karo. Maharbi yana son madubi. Mai adana tarihi kuwa ya san cewa rami ɗaya da aka huda a jikin uwar bindiga, wato akwatin ƙarfen da bututu ke ɗaure a cikinsa, yana rage darajarta har abada, domin ƙarfen da aka cire ba ya komawa. Daga nan ne aka samo maɗauran da ake sawa a cire ba tare da huda ko walda ba.

Akwai kuma cikas na ƙira. Hannun sakatar Mosin-Nagant miƙaƙƙe ne, idan aka ɗaga shi sama yake tsayawa, daidai inda madubi zai zauna. Shi ya sa a samfurin maharban ɓoye na Tarayyar Sobiyet mai madubin PU aka lanƙwasa hannun, aka kuma huda gefen bindigar. Ban da haka, ta sama ake cusa harsashi, don haka madubin da ya rufe wurin ya toshe hanyar lodi.

Abin da maɗauri yake fama da shi

Aikin maɗauri shi ne ya riƙe madubi a kusurwa guda da bututu, harbi bayan harbi. Ƙanƙantar kuskuren da ake iya jurewa tana da ban mamaki. Idan tazarar da ke tsakanin ƙafafun maɗauri milimita 100 ce, ƙafa ɗaya ta gusa da milimita 0.1, kimanin kaurin takardar rubutu, harsashi zai kauce da santimita 10 a nisan mita 100. Wannan lissafin kusurwa ne kawai, kuma da shi ya kamata a auna kowace dabara.

Ƙarfi uku ne ke neman gusar da maɗauri. Na farko bugun baya: bindiga tana zabura baya, madubi kuma saboda nauyinsa yana neman tsayawa inda yake, sai ya zama kamar ana tura shi gaba. A nan siffar bututu take da muhimmanci, domin yawancin bututu yana sirancewa ne zuwa baki. Zoben maɗaurin da ya matse shi, in ya zame gaba ko kaɗan, ya isa wuri mafi siranta, riƙonsa ya ƙara sassautawa, zamewa ta gaba kuma ta fi sauƙi.

Na biyu zafi. Alminiyam, wanda da shi ake yin mafi yawan maɗaura masu araha, yana buɗewa da kusan kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri, ƙarfen bututu kuwa kusan kashi 12. A farkon harbi bututu ne ke fara zafi, sai ya kumbura ya ƙara matsuwa a cikin zoben. Da zafin ya ratsa zoben, sai al'amarin ya juya. A bututu mai kaurin milimita 20 da zafinsa ya ƙaru da digiri 80, bambancin bai wuce milimita 0.018 ba, amma riƙon da ya dogara ga matsi kaɗai yana jin irin wannan canji. Na uku shi ne karkarwar bututun kansa yayin da harsashi ke ratsa shi. Duk nauyin da aka rataya masa yana sauya yanayin karkarwar, wurin faɗuwar harsashi ma ya sauya. Saboda haka ne ake barin bututun bindigogin gasa ba ya taɓa ƙota.

Hanyoyin ɗorawa

Hanya mafi inganci ita ce amfani da wurin da maƙerin asali ya riga ya kafa. A Mosin-Nagant da Mauser ana zare ƙusar da ke riƙe da ganyen ma'aunin saiti na baya, a cire ganyen, a ɗora gajeriyar sandar ɗaura madubi a gindinsa. Gindin nan a kafe yake da bututu tun daga masana'anta, kuma ƙusar da ta ratsa shi tana tare zamewa da jikin ƙarfe, ba da matsi kaɗai ba. Farashin da ake biya shi ne madubin ya yi nisa da ido. Madubi na yau da kullum yana son tazarar santimita 8 zuwa 10, wannan kuwa sai an nemi mai doguwar tazara, wanda yawanci ƙarfin kusantarwarsa kaɗan ne. Tunanin ba sabo ba ne: madubin ZF41 da Jamus ta ɗora a kan 98k daga 1941 a gefen gindin ma'aunin baya yake zama, kuma ninki 1.5 kawai yake kusantarwa. Jeff Cooper na Amurka ya farfaɗo da tsarin a shekarun 1980, kamfanin Steyr na Ostiriya kuma ya fitar da bindiga bisa wannan tunani a ƙarshen shekarun 1990.

A bindigogin farauta masu watsa harsashi, irin su Remington 870, ana cire ƙusoshi biyu da ke riƙe da sashen kunama, a maye su da dogayen noti masu riƙe da wani mazauni da ya lulluɓe uwar bindiga. Yana aiki, sai dai matse shi fiye da kima yana iya takure sassan da ke motsi a ciki. Bindigogin iska da ƙananan bindigogi kuma suna zuwa da tsagi biyu a samansu, da tazarar milimita 11 a tsakaninsu, inda zobba ke kamawa.

Sandar da ke saman maɗauri ita ma tana da ƙa'ida. Tsarin Picatinny, wanda rundunar sojan Amurka ta tabbatar a 1995 da lambar MIL-STD-1913, yana da tsagi mai faɗin milimita 5.23, tsakiyar kowane tsagi zuwa na gaba kuma milimita 10. Tsagin tsarin Weaver da ya gabace shi milimita 4.57 ne. Zoben Weaver yana shiga sandar Picatinny, amma akasin haka ba kasafai yake yiwuwa ba.

Zoben da ke matse bututu kai tsaye shi ne mafi rauni, domin duk ƙarfin nan uku a kansa suke taruwa. Ya wadatar ga tocila, wadda gusawar milimita guda ba ta hana ta haskawa. Ɗora masa madubin saiti kuwa ganganci ne, musamman ga mafarauci, tun da saitin da ya kauce yana raunata dabba ne ta tsere da ciwo maimakon ta faɗi nan take.

Ko da'awar cewa waɗannan maɗaura ba sa barin tabo tana buƙatar gyara. Ƙananan notin da ake murzawa su ciji ƙarfe suna kankare baƙin rinin da ke kare bututu, danshi kuma yana maƙalewa a ƙarƙashin zobe ya haifar da tsatsa inda ido ba ya gani. Don haka masu adana makamai sukan kwance maɗauri lokaci-lokaci su shafa mai, su kuma ajiye ganyen saitin da aka cire tare da ƙusarsa, domin in waɗannan suka ɓace, bindigar ba za ta koma yadda aka ƙera ta ba ko da ba a huda ta ba.