Abin sha a hunturu da lokacin biki: Yadda ake zaɓe a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan taso daga Sahara ta lulluɓe Zamfara da hazo da ƙura. Asuba da dare sanyi ne mai ratsa ƙashi, tsakar rana kuwa zafi da bushewar maƙogwaro. Lokacin ya zo daidai da bayan kaka, sa'ad da aka kai amfanin gona gida, kuɗi ya shigo hannu, ɗaurin aure da walima suka yawaita a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. A cikinsa ne kuma ake hutun Disamba, Kiristocin jihar suke bikin Kirsimeti.

Azumi da Ƙaramar Sallah ma suna matsowa cikin wannan yanayi, domin shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. A 2025 an ɗauki azumi a farkon Maris. Bisa lissafi, a 2028 zai kama a ƙarshen Janairu, a 2030 kuma a farkonsa. Ke nan shekaru masu zuwa a cikin sanyi za a riƙa sahur da buɗa-baki.

Giya ba ta cikin lissafi a nan. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, kuma ta haramta sha da sayar da barasa. Zaɓin mai gida ko uwar biki yana tsakanin kunu da shayi da fura da zoɓo da lemon kwalba. Ma'auni uku ne ke raba gardama: lokacin da za a sha, wanda zai sha, da tsawon zaman da abin shan zai yi kafin a kai shi baki.

Na asuba da na bayan magariba

A waɗannan lokuta biyu kunu mai zafi ba shi da na biyu. Kunun tsamiya, wanda ake damawa da gasarar gero da ruwan tsamiya da citta da kanumfari, shi ya fi dacewa da taron jama'a: kayansa na da araha, tsamiya na nuna a wannan lokaci, kuma yana tafiya da ƙosai ko waina. Koko ɗan'uwansa ne, sai dai tsaminsa daga ƙullun da ya kwana yake fitowa.

Kunun gyaɗa ya fi su nauyi da riƙe ciki, shi ya sa ake ware shi ga manyan baƙi da tsofaffi da masu sahur. Gyaɗar bana ta fi daɗi, amma a tsince ta da kyau. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lahanta hanta, kuma tafasawa ba ta kashe gubar. Kunun kanwa kuwa an san shi da mai jego, kuma ƙa'idarsa a taƙaita kanwar.

Kunu mai zafi a kwano ko kofi ko fulas ake zuba shi. Ledar da ake ƙulla shi a ciki ba don abu mai zafi aka yi ta ba.

Shayi

A tashoshin mota da bakin kasuwanni, daga Tsafe a kan hanyar Funtuwa zuwa Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato, teburin mai shayi ya fi cika a hunturu. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai baƙin shayi da ake haɗawa da madara da burodi, wanda wani daga cikinsa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba ake noma shi. Akwai kuma koren ganye na ƙasar Sin, wanda ake dafawa a ƙaramar buta irin ta Buzaye, a sha a ƙananan kofuna zagaye uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi.

Ga majalisar abokan ango da dare, na butar ya fi armashi. Ga mai mura ko kaushin maƙogwaro, shayin citta da kanumfari da na'a-na'a da lemon tsami yana kawo sauƙi, ko da yake ba ya maye gurbin zuwa asibiti idan tari ya daɗe. Cittar Kudancin Kaduna, ta yankin Kachiya da Jaba, ta yi suna wajen yaji, don haka kaɗan ta isa. Shayi yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, saboda haka mai ciki da mai ƙarancin jini su bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da cin abinci. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Na tsakar rana

Sanyin safiya yana yaudarar mutum ya manta da ƙishi, alhali busasshiyar iska na zuƙe ruwan jiki. Daga hantsi zuwa la'asar, musamman a wurin walima, abin sha mai ɗan sanyi ake bukata.

Zoɓo, wanda wasu a ƙasar Zamfara da Sakkwato ke kira soɓorodo, a farkon hunturu ake girbinsa, don haka sabo ne kuma wadatacce. Mai kyau shi ne busasshe sarai, ja mai duhu, marar ƙura da warin ruɓa. Tsaminsa yana yanke maiƙo, shi ya sa ya dace da shinkafa da soyayyen nama da dambu. Ana iya shan sa da ɗumi idan an sa citta. Yana ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su nemi shawarar likita kafin su lazimce shi.

Fura da nono, ko hura a bakin Zamfarawa, abinci ce da abin sha a haɗe, kuma ita ake tarar baƙon da ya sha hanya. A rani nono kan yi ƙaranci saboda ciyawa ta bushe, rashin tsaro kuma ya tarwatsa rugage da dama a jihar. Wannan ya sa wasu ke surka shi da ruwa ko garin kuka, don haka a saya wurin wadda aka sani. Madarar da aka tafasa kafin a ɗora nonon ta fi aminci, domin ɗanyarta na iya ɗauko tarin fuka na shanu.

Kunun aya da dabino da kwakwa shi ne na alfarma, amma shi ya fi saurin lalacewa: awoyi kaɗan ba firji sai ya juya. Kunun zaƙi ya fi shi jimiri, ko da yake shi ma ba ya son kwana.

Ruwan inabi na kwalba

A liyafar aure ta zamani ana jera dogayen kwalabe masu kumfa da ake cewa ba su da barasa. Iri biyu ne, kuma ya kamata a bambance. Na farko ruwan inabi ne da aka sa wa iskar gas, bai taɓa zama giya ba. Na biyu giya ce da aka sarrafa aka cire mata barasa, kuma a ƙasashe da dama doka ta yarda ragowar ta kai kashi 0.5 cikin ɗari. Malamai sun yi saɓani a kan na biyun, don haka mai son fita daga shubuha ya tsaya ga na farko. Kwalaben sun yi kama da na giyar ainihi, saboda haka a karanta kason barasa da aka rubuta a jiki, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

Idan abin sha ya kwana

Duk abin sha mai zaƙi da aka yi a gida, in ya daɗe a ajiye, tsami yake yi, daga nan ya fara kumfa ya kama hanyar zama abin maye. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a bayar ko a zubar. Sanyin hunturu yana jinkirta juyawar, amma ba ya hana ta, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Gorar da ta kumbura, ko ta yi tsaki da aka buɗe, ko ƙamshinta ya sauya, zubar da ita ake yi. Dabarar masu biki ita ce a dama kashi biyu, na safe da na yamma, maimakon a cika randa tun jajibiri.

Ruwa da sukari

Zamfara na cikin jihohin da annobar amai da gudawa ta 2021 ta shafa, kuma ruwa ne babbar hanyar cutar. Kunu da shayi sun tsira saboda tafasa. Hatsarin yana ga ruwan da ake surka zoɓo da fura da shi, da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, da gorunan roba da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama. A yi surki da tafasasshen ruwa da ya huce, a sanyaya gora daga waje ba tare da jefa ƙanƙara ciki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoranta na 2015, ta shawarci babban mutum kada sukarin da yake ƙarawa ya wuce kimanin gram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Gorar lemo guda mai santilita 50 tana iya cinye wannan kason duka. A nan na gida ya fi na kanti, domin sukarin yana hannun mai damawa. A taron da ke da dattawa da masu ciwon sukari, a ware fulas ko jug guda marar sukari, a ajiye sukarin a gefe.

Gidan da ke shirin biki a wannan yanayi zai wadatu da kunun tsamiya ko na gyaɗa da safe, zoɓo da fura da rana, shayi bayan isha'i, da tsabtataccen ruwa a kowane lokaci. Kusan duk kayan haɗinsu ana samu a kasuwar garin, kuma kuɗin katan kaɗan na lemo kan shayar da jama'ar da ta ninka yawan kwalabensa.