ZARE: Wai da gaske ɗan Midil ya fi mu ƙwaƙwalwa?

1/ Jama'a ku ɗan tsaya. Tun muna yara ake ce mana "ɗan Midil na da ya fi mai digirin yanzu." Ni ma na hau na zauna, sai da jami'a ta tura ni koyon koyarwa a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, sannan na koma na bi tarihin.

2/ Wajen 1930 Turawa suka sake tsarin boko a Arewa: elementare, sai Midil, sai kwaleji. Lardi guda, da duk faɗinsa, galibi Midil ɗaya gare shi, a hannun En'e.

3/ Ku dubi malaman. Ahmadu Bello ya koyar a ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Abubakar Imam a ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ya yi hedimasta a ta Bauchi, inda Malam Aminu Kano ma ya koyar. Shehu Shagari kuwa ɗalibin ta Sakkwato ne.

4/ Amma ga abin da ba a faɗa mana: makarantar kwana ce, yara maza 'yan kaɗan aka tsamo daga lardi sukutum. A nan yaro zai ci, a nan zai kwana. Ba gona, ba aike, ba talla. Wanda ya gudu gida, ta hannun hakimi ake dawo da shi. To ta ina zai yi fashi?

5/ Sai 1976 aka kawo UPE, aka buɗe firamare ga kowa. A 1982 tsarin 6-3-3-4 ya haifi JSS. A 2004 dokar UBE ta ce karatu kyauta ne kuma dole har JSS 3. Ƙofa ta buɗe, alhamdulillahi. Sai dai yawancinsu jeka-ka-dawo ne, kuma talaucin gida na bin yaro har aji.

6/ Na gani da idona. Rajista cike da sunaye, amma ranar kasuwa rabin benci babu kowa. Damina ta faɗi, an tafi gona. Juma'a kam ba a magana.

7/ Akwai wata yarinya a ajina, wallahi kafin in gama rubuta lissafi a allo ta ba da amsa. Sati biyu ba ta zo ba, tana tallan awara saboda mahaifiyarta ba lafiya. Daidai lokacin muka yi darasin da ya fito a jarrabawa. Ta faɗi. A katin sakamako aka rubuta mata "ta ƙara ƙoƙari." Har yau abin na ci min rai.

8/ Ɗan Midil bai fi ta kai ba. Shi kullum yana aji, ita kuwa sai ranar da gida ya sake ta.

9/ Don Allah in kana da ƙani ko ƙanwa a JSS, kada ka tsaya kan "na nawa ka zo?" Buɗe katin ka duba kwana nawa ya je makaranta a zangon. Ni daga nan nake farawa yanzu.