Daga Kulle Fayil Zuwa Haɗe Rassa

Manhajar kula da sigogi ita ce wadda ke adana duk gyaran da aka yi wa rubutun wata manhaja, haɗe da sunan mai gyaran da lokacin da ya yi shi, kuma tun fil azal babu abin da ya fi ci wa maƙeranta tuwo a ƙwarya kamar yadda za a yi idan mutum biyu suka taɓa fayil ɗaya a lokaci guda. SCCS, wadda Marc Rochkind ya rubuta a Bell Labs a 1972, da RCS ta Walter Tichy na Jami'ar Purdue a 1982, sun bi hanyar kulle, wato wanda ya riga ɗaukar fayil ya garƙame shi, sauran abokan aiki su jira har ya sake shi. Sai a 1986 Dick Grune ya fito da CVS a Amsterdam, wadda ta bar kowa ya yi gyara a kan kwafinsa, a haɗe daga baya.

Dabarar da wannan 'yanci ya dogara a kanta ita ce haɗewa mai ƙafa uku, wadda shirin diff3 na Unix ke yi tun 1979. Ana duba sigogin biyu da ake son haɗewa tare da tushen da suka rabu daga gare shi. Layin da ɓangare ɗaya kaɗai ya sauya, a ɗauki sauyin, wanda kuwa duka biyun suka sauya ta fuskoki daban-daban, a kira shi cin karo, a miƙa wa mutum ya yanke hukunci. Ke nan komai ya rataya ne a kan gano tushe na gaskiya, kuma a nan CVS ta gaza, domin ba ta tuna abin da aka riga aka haɗe. Manhajar Subversion ma ba ta fara riƙe wannan bayani ba sai a siga ta 1.5 a 2008, shi ya sa ma'aikatan wancan zamani suke gudun buɗe reshe, wato layin aiki na gefe, waɗanda suka buɗe kuma suna rubuta lambobin sigogin da suka haɗe da hannunsu don kada su maimaita.

Git, wadda Linus Torvalds ya fara a watan Afrilu na 2005, ta sa kowace haɗewa ta riƙe sunayen iyayenta biyu, wato sigogin da aka haɗe, don haka tushe ya zama abin da ake lissafowa daga tarihin kansa. Inda rassa suka yi ta haɗewa da juna har tushen ya wuce ɗaya, dabarar Fredrik Kuivinen mai suna recursive takan fara haɗe tushen su zama ɗaya, kuma ita aka yi ta amfani da ita har 2021, lokacin da ort ta Elijah Newren, wadda ta fi ta sauri wajen gano fayilolin da aka sauya wa suna, ta gaje ta a siga ta 2.34.

Zaɓuɓɓukan saitin Git kuwa, yawancinsu saɓani ne da ma'abota sana'ar suka kasa kashewa. Masu son tarihi miƙaƙƙe suna kunna pull.rebase, wanda ke sake ɗora gyare-gyaren mutum a kan sabon aikin abokansa, yayin da masu son a ga inda kowane reshe ya fita da inda ya dawo suke kashe merge.ff domin kowace haɗewa ta bar shaida. Daga siga ta 2.27 a 2020 Git ta fara gargaɗin wanda bai zaɓi tsakanin sake ɗorawa da haɗewa ba.

Saitin da ya fi cancantar kulawa shi ne merge.conflictStyle. A yadda Git take zuwa, idan an yi cin karo ɓangarori biyu kawai take nunawa, ta ɓoye tushe, alhali shi ne ke bayyana abin da kowane ɓangare ya yi nufi. Sanya masa diff3, ko zdiff3 da aka ƙaro a siga ta 2.35 a 2022, yana dawo da tushen a tsakiya, sai mai warwarewa ya ga ko abokinsa ƙara layi ya yi ko kuwa shi da kansa ne ya goge wanda yake can tun farko.