Nguru, Ƙarshen Layin Dogo: Abin da Tsoffin Gine-ginenta Suke Faɗa Mana

Mu nan Mubi jirgin ƙasa bai taɓa zuwa mana ba, tasha mafi kusa sai an nausa wajen Gombe ko Maiduguri. To me ya haɗa mu da tarihin garin reluwe? Abin da ya haɗa mu shi ne fatauci. Yadda neman halal ya kawo iyayenmu bakin kogin Yedzaram, haka ya kai 'yan uwansu Nguru, wadda yanzu take cikin Jihar Yobe.

Nguru ba jirgi ne ya kafa ta ba. Tun zamanin daular Borno nan ne mazaunin Galadima, mai tsaron iyakar yamma. Amma jirgi ne ya mai da ita kasuwa ta a zo a gani. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe ta Ringim da Malam Madori, tafiyar kimanin kilomita 230, ya isa Nguru a 1930. Nan ya tsaya, bai wuce ba.

To, duk inda layi ya ƙare, nan kaya ke taruwa. Gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, busasshen nama da shanu, daga ƙasar Borno da Bade da Manga, har da na ƙetaren iyaka wajen Damagaram, duk sai sun sauka Nguru kafin su kama hanyar Kano da Ikko. Raƙuma da jakuna su sauke, taragu su ɗauka. Kanawa da Katsinawa da Haɗejawa suka kwararo, wasu dillalai, wasu mahauta, wasu 'yan dako, wasu malamai da almajiransu. Suka kafa unguwanni da masallatai a gefen Barebari da Mangawa, kamar dai yadda namu iyayen suka zauna tsakanin Fulani da Gude da Fali.

Wanda ya san garin reluwe, gine-ginensa kaɗai sun ishe shi karatu. Akwai tashar kanta, inda ake yankan tikiti. Akwai rumfar kaya, inda ake awo da lodi. Akwai kwatas na ma'aikata, yawancinsu mutanen kudu a wancan zamani. Sai sito-sito da kantunan kamfanonin Turawa da na Kwara masu sayen gyaɗa, manyan ɗakuna masu rufin kwano da ƙofofi masu faɗi. Girman sito shi ke gaya maka yawan buhunan da ake tarawa a kaka. Kusancinsa da layi kuma ya nuna maka wanda ke riƙe da kasuwa. Bature na bakin dogo, ɗan ƙasa na baya yana kawo masa.

Me ya rage wa Nguru armashi? Ruwa ba ya tsami banza. Na farko, an ja sabon layi daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, kayan Borno suka sami wata ƙofa. Na biyu, farin da aka yi a farkon shekarun 1970, sannan cutar gyaɗa ta 1975, suka karya noman da ke cika taragu. Na uku, kuɗin man fetur ya kawo kwalta da manyan motoci, shi kuma reluwe aka bar shi ya lalace. Garin bai mutu ba, har gobe ana cin kasuwa, ana su da noma a fadamun Haɗeja da Nguru. Sai dai tashar da ta tara jama'a ba ita ce zuciyar gari ba kuma.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mubi ma hanya ce ta raya ta: iyakar Kamaru, kasuwar shanu, da tirelolin da ke ɗiba zuwa kudu. Mun ga yadda ciniki ke tsayawa cik ranar da aka rufe iyaka. Mun kuma ga 2014, lokacin da aka mamaye garin nan muka watse, muka dawo muka tarar da shaguna da takardu sun salwanta. Garin da ya zauna ƙarƙashin Jamus, ya koma hannun Ingila, sannan ya shigo Nijeriya da ƙuri'ar 1961, bai kamata a ce 'ya'yansa ba su da abin nunawa ba.

Don haka ga roƙonmu. Kafin a rushe tsohon zaure ko a sabunta masallacin unguwa, a ɗauke shi hoto, a rubuta wanda ya gina da shekarar da aka gina. Matasa masu waya su zauna da dattawan da suka rage, su naɗi bayanin garin da kowane gida ya fito da sana'ar da ta kawo shi. Takardun filaye da na ciniki a yi musu kwafi a ajiye wuri biyu. Ba mu ce kada a yi ginin siminti ba, amma a bar wa jikoki shaida.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da garinmu lafiya, amin.