Yadda Ɗaukar Mai Rauni Ya Zama Sana'a

Maganarmu ta yau a kan mutanen nan ne da su ke fara isa wurin da haɗari ya auku, watau ma'aikatan motar asibiti, da 'yan agaji, da 'yan kwana-kwana, da ma'aikatan kiyaye haɗari na kan hanya. Da yawa cikinmu mun ɗauka aikinsu ƙarfin ƙirji ne kawai da gudun mota. To, sana'a ce mai ƙa'idodi, kowace ƙa'ida kuwa sai da aka yi asarar rayuka kafin a gane ta. Ga yadda abin ya faro.

Asalinsa daga fagen yaƙi ne. A ƙasar Turai, fiye da shekara 200 da suka wuce, soja in ya faɗi da rauni nan ya ke kwana. Dokar sojan Faransa ta ce kekunan asibiti su tsaya wajen mil 3 a bayan runduna, kada su matso sai an gama yaƙi. Kafin su iso an kwana an yini, wani lokaci ma fiye. Wanda zubar jini bai kashe ba, sanyi da ƙishirwa sun ƙarasa shi. A cikin 1792 wani saurayin likitan soja, sunansa Dominique Larrey, ya ga wannan hali da idonsa. Ya kuma lura da yadda dawaki su ke sheƙa gudu da igwa, su kai ta duk inda a ke bukata cikin ɗan lokaci. Sai dabara ta zo masa ta yin keken doki mara nauyi, mai sifirin don kada ya riƙa jijjiga majiyyaci, da katifa a ciki, mutum 2 su kwanta. Ya haɗa kowane ayarin kekuna da likita da masu ɗauka waɗanda aka koya wa aikin, suna shiga fage tun ana harbi. Da sojan Napoleon suka tafi Masar a 1798, inda keke ba ya tafiya cikin rairayi, ya sa aka ɗaura wa raƙuma manyan kwanduna, ɗaya dama ɗaya hagu, ana kwantar da masu rauni a ciki. Duk motar asibitin da kuka gani yau jikar waɗannan kekuna ce.

Amma ni a ganina keken ba shi ne babban abin da Larrey ya bar mana ba. Ya kafa doka cewa wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara dubawa, ba ruwan likita da muƙaminsa, ko hafsa ne ko kurtu, har ma ko daga rundunar abokan gaba ya ke. A zamanin da a ke ba babban mutum magani tukuna, talaka ya jira, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ita ce dokar da mu ke bi har gobe. In ka ga malamin disfensa ya tsallake dattijon da ya zo tun da asuba, ya ɗauki yaron da aka shigo da shi yanzun nan yana numfashi da ƙyar, kada ka ce rashin kunya ne. Haka kuma a wurin haɗarin mota. Mai ihu yana kiran a taimake shi, numfashinsa na nan, hankalinsa na nan. Wanda ya yi shiru can gefe, shi ma'aikaci zai fara nufa. Jama'a kan yi fushi da wannan, su ce an ƙyale nasu. Ba a ƙyale shi ba, layinsa na zuwa.

Larrey ya ci ribar halinsa. Bayan yaƙin Waterloo a 1815 Jamusawa suka kama shi, har za su harbe shi, sai wani likitansu da ya taɓa sauraron karatunsa ya gane shi. Aka kai shi gaban babban sarkin yaƙinsu, Blücher. Ashe Larrey ya taɓa ceton ran ɗan mutumin nan sa'ad da ya ji rauni ya faɗa hannun Faransawa. Aka sake shi, aka yi masa rakiya.

Bayan wannan sai labarin Henry Dunant, wanda wataƙila waɗansunku sun ji. Ɗan kasuwa ne na birnin Janiba a ƙasar Suwizalan, harkar kasuwancinsa ta kai shi arewacin Italiya daidai lokacin da aka gwabza yaƙin Solferino, ran 24 ga Yuni 1859. Yini guda, mutum wajen 40,000 suka faɗi, matattu da masu rauni. Ya tara matan wani gari da ke kusa, Castiglione, suna ba su ruwa suna wanke musu rauni, ba tambayar daga wane ɓangare mutum ya ke. Da ya koma gida ya rubuta littafi a 1862, daga nan aka kafa kwamitin da ya zama Red Cross a 1863. Ran 22 ga Agusta 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu a Janiba cewa ba za a taɓa mai rauni ba, ba kuwa za a taɓa mai ɗaukarsa ba. Alamar nan ja a kan farin ƙyalle, tutar Suwizalan ce aka juya launinta don girmama ƙasar. Turkawa suka ɗauki jan jinjirin wata a 1876, aka amince da shi a 1929, duk aiki ɗaya ne. A Ingila kuma ƙungiyar St John ta fara koya wa ma'aikatan jirgin ƙasa da masu haƙar ma'adini taimakon farko tun 1877, aikin ya fito daga fagen yaƙi ya shigo gari.

Yanzu ga wani abu da na ke so ku riƙe da kyau, gama ya shafi abin da mu ke gani kullum a disfensa. A farkon Yaƙin Duniya na Farko, sojan da harsashi ya karya masa ƙashin cinya kusan matacce ne. Bisa ga lissafin likitocin sojan Ingila, cikin mutum 10 wajen 8 suna mutuwa, da yawansu kuwa a hanya, kafin su ga asibiti. Me ya ke kashe su? Ɗauka. Ƙashin cinya in ya karye bakinsa kamar wuƙa ya ke. Duk taki ɗaya da masu ɗauka suka yi, yana yankan nama da jijiyoyin jini daga ciki. Cinyar babban mutum tana iya shanye jini fiye da lita guda ba ka ga ko ɗigo a waje ba, sai dai ka ga ta kumbura, mutum ya yi fari, gumi mai sanyi yana keto masa.

Maganin abin yana nan tun da daɗewa, ba a kula ba. Wani likita a Liverpool, Hugh Owen Thomas, wanda iyayensa da kakanninsa maɗora ne a ƙasar Wales, ya ƙera wani ƙarfe mai zobe da a ke zura ƙafa a ciki, a ja ta a ɗaure ta miƙe. Shi ya rasu tun 1891. Wani ɗan'uwansa da ya yi koyo a hannunsa, Robert Jones, shi ya matsa har aka raba wa masu ɗaukar rauni ƙarfen nan daga 1916, aka yi ta horar da su sa shi, har da ido a rufe, don yawancin aikin cikin duhu a ke yi. Kafin yaƙi ya ƙare masu mutuwa sun koma wajen 2 cikin 10, ko ƙasa da haka. Ba sabuwar allura, ba sabon ƙwayar magani. An hana ƙashi motsi ne kawai kafin a ɗaga mutum. Maɗoranmu na gargajiya sun san wannan da karan ɗorinsu, sai dai wani lokaci su kan ɗaure da ƙarfi har jini ya daina zagawa, yatsu su yi baƙi, ƙarshe a yanke hannun yaro. Saboda haka in kun ga ma'aikaci ya durƙusa yana ɗaurin katako, ku kuwa kuna ta cewa a yi sauri a jefa shi a mota, ku yi haƙuri da shi. Mutum 4 su sunkuci mai rauni, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, kai yana reto, in akwai karaya a wuya ko a gadon baya, nan a ke shanye shi har iyakar ransa.

Kada ku zaci Turawa sun gane duk wannan dare ɗaya. A Amurka, wani rahoto na 1966 ya nuna wajen rabin aikin ɗaukar marasa lafiya masu sana'ar binne gawa ne su ke yinsa, don su ne su ke da doguwar motar da mutum zai kwanta a ciki. A 1967, a birnin Pittsburgh, wani likita mai suna Peter Safar ya ɗauki baƙar fata 'yan wata unguwar talakawa, waɗansu ma ba su da aikin yi, ya koya musu danna ƙirji da buɗe hanyar numfashi da ƙarin ruwa. Su ne suka nuna cewa magani yana farawa tun a bakin titi. Aka rufe ƙungiyarsu, Freedom House, a 1975, amma koyarwar da aka gwada a kansu ta zama abin koyi a ƙasar.

A nan gida, an kafa Red Cross ta Nijeriya da doka a 1960, hukumar kiyaye haɗari ta tarayya kuwa a 1988. Amma darasin da ƙasarmu ta koya da tsada shi ne cewa mai ceto shi ma rai gare shi. A watan Janairu 1969 wata nas ta asibitin mishan a garin Lassa, cikin ƙasar Borno, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba. Aka kai ta Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa, ta goge wa majiyyaciyar baki da hannun nan. Ita ma ta bi ta. Da shekara ta kewayo, likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke hannunta tana binciken gawar wani da ciwon ya kashe, ta rasu a Fabrairu 1970. Wannan shi ne zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke kawowa, yana nan kuwa har yanzu, kusan kowane rani sai ya ɗauki ma'aikatan asibiti. A 2014 da Ebola ta shigo Ikko, Dokta Stella Adadevoh ta hana mutumin da ya kawo ta fita daga asibiti. Ciwon ya tsaya a kan mutum 20, 8 suka mutu, ita tana ciki.

Don haka in ma'aikaci ya tsaya sa safar hannu kafin ya taɓa ɗan'uwanka, ba ƙyamarsa ya ke yi ba. Na sha jin ana cewa, wai jinin ɗan Adam ne ka ke gudu? I, ana gudunsa. Jini yana ɗauke da ciwon hanta da ƙanjamau, mai shi bai ma sani ba. Safar nan kuma tana kare majiyyaci daga abin da hannun ma'aikaci ya kwaso a jikin wani.

Abin da a ke fara koya wa ɗan agaji shi ne ya tsaya ya dubi wurin tukuna. Akwai wayar lantarki a ƙasa? Akwai warin fetur? An tare hanya, ko wata mota za ta zo ta hau kan jama'a? Ɗan agajin da ya faɗa rijiya ba igiya, ya mai da gawa ɗaya biyu ne, gama tsohuwar rijiya ta kan tara iska mai kashewa a ƙasanta. Maganar fetur kuwa ba sai na ja ta ba. A watan Oktoba 2024 tanka ta faɗi a Majiya, jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka halaka. Yarjejeniyar Janiba ma ba kullum ta ke kare mai jan alama ba. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, 'yan agajin Red Cross 6 na cikin waɗanda suka mutu.

Su ma ma'aikatan akwai abin da ke wuyansu, ba zan ɓoye ba. Agogo da kuɗin da ke aljihun wanda ya suma amana ne, a ƙirga a gaban shaida a rubuta. Abin da ka gani a jikin mutum sa'ad da ka yaga masa riga ba labarin teburin mai shayi ba ne, balle a ɗauki hotonsa da waya a watsa, uwa ta ga gawar ɗanta kafin a zo mata da gaisuwa. Mace a rufe ta da zane. Motar asibiti ba ta ɗaukar doya ba ce ko kai amarya, jiniya kuwa in aka saba busa ta don a tsere wa cunkoso, ran da a ke bukatarta ba mai kaucewa. Direban da ya kwana bai runtsa ba ya faɗa wa na gaba da shi, kada ya hau hanya da rai a bayansa.

Saura abu guda da ke hana mutanen kirki taimako, watau tsoron 'yan sanda. Shekaru da yawa asibitoci suna mai da wanda aka harba su ce sai ya kawo takardar caji ofis, mutane suna mutuwa a bakin ƙofa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum maganin gaggawa ko da wane dalili. Wata doka ta 2017 ta tilasta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi mai raunin bindiga ba takardar 'yan sanda, ba kuɗin kafin alƙalami, a sanar da hukuma daga baya, ta kuma ce kada a wulakanta wanda ya kawo shi. In haɗari ya auku a hanyar garinku, lambar hukumar kiyaye haɗari 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112, kira kyauta ne. Ka faɗi wurin sosai, tsakanin wane gari da wane gari, mutum nawa suka ji rauni, ko akwai wuta. Kafin su iso, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, wanda ya suma a juya shi a kan haƙarƙarinsa a hankali, kai da wuya da jiki su juya tare, kada kuwa a ɗura masa ruwa ko madara a baki.